Baba Matsi da Bakin Allo

Duk wanda ya taɓa bin layin nan na masu shaguna ya san aikin Baba Matsi, ko da bai san fuskarsa ba. Idan ka ga allon shago wanda harafin farko ya fito ƙato yana hura hanci, na biyu ya ɗan rage, na uku ya fara shan jinin jikinsa, na ƙarshe kuma ya maƙale a lungu ya karkace, to ba sai ka tambaya ba, hannunsa ne. Daga nan sunan ya samo asali. Sunansa na gaskiya matarsa, Inna, ita kaɗai ke riƙe da shi, ita ma ba ta fito da shi sai ranar faɗa.

Tun yana saurayi yake rubutun allo da fenti. Ya fara da bayan motocin haya, ya koma ƙofofin shaguna, ya zana almakashi, ya zana takalma, ya zana wani kifi da har yau ake gardamar ko kifi ne ko silifa. A tsawon shekarun nan bai taɓa ɗaukar abin awo ba. Idan aka ce, "Baba, ka ɗan zana da alli tukuna mana," sai ya kalli mutum sheƙeƙe ya ce awo na masu shakka ne. Shi da zarar ya tsoma buroshi a fenti, gani yake allon ba zai taɓa ƙarewa ba. Sai ya wuce rabi hankalinsa yake dawowa, ya hango bakin allo yana jiransa, ya fara gumi, ya fara roƙon haruffa su yi haƙuri da juna. Amma abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma yana faɗa wa duk wanda ya tsaya: bai taɓa barin harafi ko ɗaya a waje ba. A matse dai, a karkace dai, amma kowa ya shiga.

Haka ya gina gidansa. Falo ya yi girman da ake jin amsa-kuwwa, ɗakin Inna ya fito madaidaici, ɗakin yara ya fara tsukewa. Na ƙarshe kuwa, wanda 'yarsa Auta ta tashi a ciki, sai da kafinta ya shiga ya harhaɗa gadon a can, kuma gadon yana nan har yau domin babu hanyar fito da shi. Haka ma yake ba da labari. Gabatarwa sai shayi ya huce, ƙarshen kuma a bakin ƙofa za ka ji shi, yana neman takalminsa.

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta bi sana'ar, amma ta bi ta wata hanya. Ta yi karatun kwamfuta, ta dawo ta shigo da injin buga bana, wato allon talla na leda, cikin shagon. Injin wani dogon abu ne mai gurnani da ya cinye rabin ɗakin. Mijinta ya biyo ta da teburinsa. Ana ce masa Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka ta yi kwana biyu tana aiki. Mutumin kirki ne, sai dai yana da gaggawa, kuma ya fi son ya gama abu kafin ya dube shi. Baba aka bar masa kusurwa ɗaya kusa da ƙofa: kujerarsa ta katako, gwangwanin buroshi, da tsani jingine a bango. Daga nan yake amsa gaisuwar layi, daga nan kuma yake fita idan tsohon kwastoma ya ce shi aikin hannu yake so.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Da farko ya ce fentin zamani ne ba shi da kauri. Daga baya ya ce tabarau ne suka tsufa. Ranar da gaskiya ta fito, ya hau tsani ya rubuta wa tela allo mai kyau ƙwarai, har da almakashi, a saman ƙofar mai sayar da magani. Da yake saukowa ya taka matakin da babu shi, ya zauna daɓas cikin bokitin shuɗin fenti. Bai ji ciwo ba, wandon ne dai bai tashi ba. A yammacin nan Auta ta sa wa tsanin sarƙa da kwaɗo, ta jefa makullin a jakarta.

Ba a jima ba aka ji labarin wani injin kuma yana tafe, na yanka sitika. Shagon ba ya ƙaruwa. Kowa ya san inda ya rage, kuma kowa ya ƙi kallon kujerar. Injiniya ne ya yi ƙarfin hali, ya rusuna ya ce, "Baba, ai kun yi mai wuyar. Da za ku huta a gida, mu yara mu ɗauki nauyin."

Baba ya kai ƙara wurin Inna, yana tsammanin za ta tsaya masa. Ta ce, "To mene ne? Falon da ka gina ai ya ishe ka zama, har ka gayyato wasu."

Ya yi dariya don kada a gane, amma abin ya tsorata shi. Ba aikin kaɗai yake ji ba. Tsoronsa shi ne ya wayi gari ya yi wanka ya sa hula, ya rasa inda za shi, ya zauna inda babu wanda zai leƙo ya ce, "Baba, ina da ɗan aiki." Washegari ya riga kowa zuwa shago, ya zauna a kujerar ya riƙe hannuwanta biyu.

Auta ta gan shi, ta kasa faɗin abin da ta shirya. Ta ce, "Baba, tsani dai an gama. Amma idan za ka iya zane a kan kwamfuta, kujerarka na nan, mu san yadda za mu yi da injin." Ta faɗa ne tana da tabbacin zai ƙi.

Ya ce, "A kawo ta."

Aka yi sa'a a satin wani mai tallar manhajar zane ya shigo layin, da jaka a kafaɗa da takalmi mai ƙyalli. Manhaja dai ita ce abin da ake ɗora wa kwamfuta ta iya wani aiki. Ya ɗora tasa a kan tsohuwar kwamfutar shagon don ya nuna yadda take, aka jawo wa Baba kujera gaba. Hoton nuni ya fito: zakara a kan katanga, ga gida a bayansa, ga keke a jingine. Baba ya ce zakaran ba laifi, amma wanda ya zana shi bai taɓa kiwon kaji ba.

"Yanzu ku ga yadda ake zuƙowa," in ji mai talla. Ya ɗora hannu a kan linzami, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya murza 'yar tayar da ke bayansa. Zakara ya taso. Keke ya fice ta hagu, gida ya fice ta dama, jela ta tafi, ƙafafu suka nutse ta ƙasa. Sai kai da tukku suka cika allon.

Baba ya miƙe tsaye. "Yaro, ka ɓata aikin mutane. Ina ƙafafun?"

"Suna nan, Baba."

"A ina?"

Bai jira amsa ba. Ya leƙa gefen allon kwamfutar, ya zagaya bayanta, bai ga komai ba sai waya da ƙura. Ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur, tunda ta ƙasa ya ga sun bi. A daidai lokacin ne mai talla ya nuna wa Auta da Injiniya wani siririn layi mai ɗigo-ɗigo da ya kewaye hoton, ya ce wannan shi ne iyakar abin da inji zai buga, duk abin da ya tsallake shi za a gan shi a kwamfuta amma ba zai fito a bana ba. Auta ta gyaɗa kai. Injiniya yana duba wayarsa. Baba yana ƙarƙashin tebur yana neman ƙafar zakara.

Da ya fito, mai talla ya ce, "Baba, ku ɗauka taga ce. In mutum ya wuce ta gaban taga ya ɓace muku, ai ba mutuwa ya yi ba. Yana can, tagar ce ta ƙare." Ya murza tayar baya, zakara ya ja da baya, ƙafafu suka dawo, keke ya dawo. Baba bai yarda nan take ba. Ya sa aka tafi aka dawo, aka sake tafiya aka sake dawowa, kowace dawowa yana duba yatsun zakaran ko an rage wani a hanya.

Daga nan ya ce a kawo masa idon kusa. Aka kawo. Ya ce a ƙara. Idon zakara ya cika allon, baƙi da rawaya, kowane layi a fili. Baba ya cire tabarau, ya kalla. Ya manta rabon da ya ga bakin layi ba tare da hazo a kansa ba, kuma daɗin da ya ji ya kusa sa shi hawaye a gaban baƙo. Ya mayar da tabarau ya ce wannan abin a bar shi.

Mai talla ya ce zai bar musu ta gwaji. Tana yin komai, har bugawa, amma ba ta ajiye aiki. Da an kashe kwamfuta, abin da aka zana ya tafi. Auta ta ce za ta yi shawara kan saye. Wannan kam Baba ya ji da kunnensa. Kafin mai talla ya kai bakin titi, Baba ya liƙe makunnin bango da salatif, ya zana ƙaton hannu a kwali yana nuna a tsaya, ya jingine a gabansa.

Koyon ya zo da nasa rikici. Hannun da ya saba da buroshi ya riƙe linzami kamar za a ƙwace masa. Idan linzamin ya kai bakin tebur, sai Baba ya ci gaba da jan sa a kan cinyarsa. Amma wannan ƙarami ne. Babbar matsalar ita ce tsohuwar ɗabi'a. Ya fara rubutu da manyan haruffa, ya hango bakin allon kwamfuta, ya fara matsewa kamar kullum. Ya kai lungu yana gumi, sai hoton ya gusa da kansa, fili ya buɗe fetal. Baba ya yi hamdala ya koma manya. Ya sake hango baki, ya sake matsewa, fili ya sake buɗewa. Da Auta ta tura hoton nesa don a ga duka, rubutun ya fito yana kumbura yana sacewa, yana kumbura yana sacewa. Injiniya ya fita waje ya yi tari mai tsawo.

Wata rana kuma Baba ya kira Auta da murya ƙasa-ƙasa. Allon fari fat, babu komai.

"Auta, zo ki gani. An share."

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa kowa ba. Ina tafiya ne kawai, na waiga ban ga kowa ba."

Ta murza taya baya. A hankali wasu ginshiƙai biyu suka bayyana a hagu da dama, suka zama ƙafafun kaza. Ashe zuƙowa ya yi ta yi har ya shige tsakaninsu, ya kusa awa yana yawo a can. Ya ce shi ma ya ji wurin da wani irin kaɗaici.

Kazar ta maƙwabcinsu ce, mai ƙwai, wanda bangon shagonsa ke haɗe da nasu. Tsohon abokin Baba ne, kuma shi ya ce a ba Baba aikin bana ɗinsa, ko me zai fito. Baba ya zana ƙwai lokacin da hoton ke nesa, ya cika allo da shi. Ya zana kaza lokacin da ya zuƙo kusa, ita ma ya cika allo da ita, har gashin ido ya yi mata. A ganinsa girmansu ɗaya. Da aka buga, ƙwai ya fito ya kai randa, kaza kuma tana gefensa ba ta fi ƙuda ba. Mai ƙwai ya tsaya ya kalla, ya ce kazar da ta iya wannan aiki ta cancanci a sa ta a allo. Ya kafa abinsa. Mutane suka riƙa tsayawa suna tambayar ko akwai irin na hoton.

Injiniya ya ce wa matarsa a hankali wannan ba za a kira shi iyawa ba. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta juya ta ga mahaifinta ya manna hanci a allon kwamfuta yana gyara wa wata kaza farce, dariyar ta ɗauke.

Shi kuwa Baba wani darasi ya ɗauka daga duk wannan, kuma ya ɗauke shi da zuciya ɗaya: a nan babu bakin allo. Abin da ya yi shekaru yana tsoro, ashe taga ce kawai. Ya daina matsewa. Kafaɗunsa suka sauko. Inna ta ba da shaidar cewa a satin ya ba ta labari har ƙarshe yana zaune, ta ma tambaye shi ko lafiya. Siririn layin nan mai ɗigo-ɗigo kam ya gan shi. Ya goge allon da hannun riga, bai tafi ba. Ya goge tabarau, bai tafi ba. Sai ya ɗauka idonsa ne, kuma maganar ido ita ce maganar da ba ya so a tayar a shagon, don haka bai tambayi kowa ba.

Da aka ce injin sitika ya kusa isowa, Auta ta ce a yi ta ta ƙare. "Baba, shagonmu ma yana buƙatar sabon bana. Dogo, wanda za a kafa a jikin bango daga bakin ƙofa har iyakar mai ƙwai. Kai za ka zana. In ya fito, magana ta mutu."

Ya ce kada kowa ya leƙa. Idan zai fita sai ya lulluɓe kwamfutar da zanin gado. Wannan karon ya yi hattara da nesa da kusa, yana komawa baya yana dubawa. Ya sa Auta a farko, tsaye, hannu a ƙugu, yadda take yi idan kwastoma ya ce gobe. Ya ba ta fili. Ya sa injin buga bana da duk tsawonsa. Ya sa Injiniya riƙe da sukundireba, ya ƙara masa tsawo kaɗan don zumunci. Ya sa Inna, duk da ba ta aiki a shagon, domin ya san abin da zai biyo baya idan babu ita. Kowa ya ba shi wurin miƙe hannu. Daga ƙarshe ya zo kansa. A duk allon da ya taɓa yi, na ƙarshe shi ke shan wuya, kuma ga shi yau na ƙarshen ya tarar da fili. Ya zana kansa cikakke, da hula, da murmushi, ya miƙa hannu ɗaya wajen iyalinsa da buroshi a ciki. Ya kalli aikin ya ji bai taɓa yin kamarsa ba.

Washegari da safe yana da ganin likitan ido, Auta ce ta matsa, ita ce kuma ta raka shi. Kafin su tafi ya ce wa Injiniya aiki ya kammala, a jira shi. Injiniya ya ji rabin farko. Ya yaye zanin, ya ga zane ya yi kyau, ya ce bari ya ba tsoho mamaki. Ya danna bugawa. Inji ya yi gurnani ya amayo bana, Injiniya ya naɗe shi da zafinsa, ya fita ya buga masa ƙusoshi a bango, yana farawa daga bakin ƙofa. Da ya dawo ya taɓa kwamfutar ya ji ta yi zafi, ya tausaya mata, ya ɗaye salatif ya kashe.

Baba ya dawo da baƙin tabarau, an ɗiga masa magani a ido, duniya duk ta yi ruwa-ruwa. Tun daga nesa ya ji 'yan layi suna dariya, ya ɗauka ta yabo ce, har ya ɗaga musu hannu. Sai da ya matso ya kusa taɓa bana da hanci kafin ya fara gani. Ya bi shi a hankali. Ga Auta. Ga inji. Ga Injiniya da tsawonsa na aro. Ga Inna. Ga buroshi, ga yatsu, ga wuyan hannu, ga bakin takalmi ɗaya a ƙasa. Daga nan bana ya ƙare, sai bangon mai ƙwai.

Wani daga cikin masu kallo ya ce hannun ma ya yi kama da shi.

Baba bai damu ba tukuna. Ya ce, "Taga ce. Ina can." Ya shiga shago don a tura hoton nesa a dawo da shi. Ya tarar da allon baƙi ƙirin, salatif yana lilo a jikin makunni. Injiniya ya tsaya a bayansa, sai a lokacin ya tuna abin da aka ce game da ta gwaji, ya fara, "Baba, wallahi ni zafi na ji ta yi…" Baba ya ɗaga masa hannu, ba da faɗa ba.

Ya juya kusurwarsa. Ya ɗauki gwangwanin buroshi, ya zazzage su a kan cinya, ya fara naɗe su cikin tsumma ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar bokiti.

Auta ta shigo. "Baba, me kake yi?"

"Na gani, Auta. Ba sai kin faɗa ba."

"Kuskure ne kawai. Akwai wani layi mai ɗigo-ɗigo, shi ne iyakar…"

"Na gan shi. Na ɗauka idona ne." Ya ɗaure tsumman. "Kin ce in ya fito magana ta mutu. To ya fito. Shi inji ba ya jin kunyar kowa, ya faɗi abin da kuka kasa."

Ta fita ta tsaya gaban bana. Da suka iso ba ta duba sosai ba, hankalinta na kan riƙe masa hannu a bakin kwata. Yanzu ta duba. Ta ga kanta tsaye ita kaɗai a filin da zai ɗauki mutum uku. Tsakanin mijinta da mahaifiyarta ana iya ajiye keke. Ta koma ciki idonta ya yi ja.

"Baba, dubi wurin da ka bar mana. Me ya sa ba ka matsa mu ba?"

Ya ce, "Na ga akwai wuri. Ban so in takura muku ba."

Auta ba mai kuka a gaban mutane ba ce, don haka abin ya fito mata a faɗa. Ta juya kan mijinta. "Injin sitika zai zauna inda teburinka yake. Ni da kai mu raba nawa."

"Ai ba zai ɗauke mu ba," in ji Injiniya.

"Zai ɗauka."

Ya kalli teburin, ya kalli surukinsa, ya fara kwashe sukundirebobinsa. Gaskiya ma kamar sauƙi ya ji da aka ba shi abin yi.

Baba ya ce ai ba haka aka yi alkawari ba, ya faɗi jarrabawa. Auta ta ce ita ta sa jarrabawar, ita kuma ta soke ta, wanda bai yarda ba ya buɗe nasa shagon. Ta karɓi tsumman daga hannunsa ta kwance.

Mai ƙwai, wanda ya daɗe a bakin ƙofa yana sauraro kamar ba ya sauraro, ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai ba zai iya kwana da hannu ba mai shi a jikin bangonsa ba, kaji ma za su tsorata. Bangon ga shi nan, tsayin mutum ne, ba ya buƙatar tsani. Sharaɗinsa ɗaya, kada a zana masa ƙwai.

Da la'asar aka fito da gwangwanayen fenti. Maganin idon bai gama sakinsa ba, amma Baba ya ce hannu ya san hanya. Ya tsaya dab da bango, ya fara daga hula. 'Yan layi suka taru, kowa da shawararsa, ba ya jin ko ɗaya. Ya yi kai, ya yi kafaɗa, ya sauka har takalmi, ya dawo ya miƙa damtse wajen bana. Da ya gama ya ja da baya don ya duba, sai komai ya narke masa, ya zama launi kawai. Ya matso, ya ga maɓallin riga kaɗai. Ya sake ja da baya. Babu tayar da zai murza.

Ya ce a hankali, don ita kaɗai ta ji, "Auta, na fito?"

Ta kalla. Kunne ɗaya ya sauko wuya. Ido ɗaya yana kallon sama, ɗaya yana kallon shagon tela. Murmushin kam nasa ne. Damtsen kuma ya tafi neman hannun da ke jikin bana, ya wuce ta samansa da kusan taƙi guda, bai same shi ba.

"Ka fito, Baba," in ji ta. "Saura ɗan nan kawai."

"Ina?"

Ta tsoma masa buroshin a fenti ta mayar masa tsakanin yatsu. Sannan ta kama wuyan hannunsa, ta kai shi wurin, suka ja layin tare har ya haɗu.